Wankin Cikin Inna Hajjo

Kuyello,
4 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga taubashiyata Huraira, 'yar Kawu Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya mutanen Zariya? Mu nan da sauƙi, sai dai abin da ba a rasa ba. Matata Lailatu da yara suna gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin dai ji an yanke mana layin waya tun makon jiya, an hana hawa babur, an rufe kasuwa, wai don a matse mutanen daji. Su waɗanda ake so a matse ban ga alamar sun matsu ba, mu ne dai muka koma zamanin kakanni. Wayata yanzu tocila ce kawai. Ladan direba ne ya ce in na rubuta zai kai miki, tunda yana kai masara Zariya duk ranar da hanya ta yi kyau. Rabon da in cika shafi da biro tun ina aji shida, saboda haka ki yi haƙuri da rubutun, kada ki kai shi ɗakin bincikenku ki ce kin gano sabuwar cuta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Inna, gwaggonki Hajjo. Tun watan Agusta da kika kai ta wurin likita a Zariya aka ce ciwon suga ne, ba ta fasa shan farar ƙwayar nan ba, metfomin, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Gaskiya ƙishirwar nan da take fama da ita ta ragu, yawan fitsarin ma haka. Amma an gudu ba a tsira ba. Cikinta ne ya ƙi zama lafiya. Kugi yake yi har wanda ke tsakar gida ya ji, ga kumburi, ga zawo sau biyu sau uku a wuni. Alwalarta ba ta kaiwa daga Azahar zuwa La'asar. Matar da kika sani, wadda ba a suna ba a biki sai da ita, yanzu ko gaisuwar mutuwa aka ce ta je sai ta ce ƙafa ke yi mata ciwo. Ni na san ba ƙafa ba ce, kunya take ji.

Jiya da na miƙa mata ƙwayar, ta riƙe ta a tafin hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Nababa, wannan maganin na 'yar ƙanena, sugan yake kora ko ni yake kora?" Na yi dariya don ita ma ta yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni kaɗai gare ta, kin sani, kuma tun rasuwar Baba ita kaɗai ta rage mini.

Na je wurin Susan, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na garin nan. Ta ce ba ita ta ɗora ta a kan maganin ba, ba za ta ce a daina ba, in tambayi waɗanda suka bayar. To ga shi na tambaya. Ke ce kika shekara biyu kina leƙen kashin mutane a madubin ɗakin bincike da sunan digiri na biyu, yau ranarki ta zo. A daina ko a ci gaba? Tsinken awon suga da kika haɗo mu da shi kuma saura huɗu.

Masara ta yi kyau a gonar kusa da gari. Ta bakin daji ban je ba, kuma ba zan je ba, wanda ya ga dama ya girbe.

Naki,
Nababa.

Zariya,
9 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga bawana Nababa,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso. Sai da na juya ta sama da ƙasa kafin in gane inda ta fara, ina tsammanin kaza ce ta bi ta kan tawada. Ina nan lafiya ƙalau, karatu sai godiya. Ka gaishe mini da Gwaggo da kyau, da Lailatu da yara. Kuma ka tuna ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, in za ka sake rubutowa ka fara da "ranki ya daɗe".

Ladan yana tsaye a kaina yana kallon rana, wai in Azahar ta same shi a nan ba zai bi hanyar Dogon Dawa ba. Saboda haka a gurguje zan yi.

Kada hankalinka ya tashi. Abin da ke damun Gwaggo sananne ne ga masu shan metfomin, kuma shi ne ma ainihin abin da nake karantawa, wanda kake yi wa dariya. A hanjin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganin su, ana ce musu bakteriya. Yawansu ya wuce lissafi. Yawancinsu ba sa cutarwa. Abin da muka ci suke ci, su narkar da wanda cikinmu ya kasa narkarwa.

Ita wannan ƙwaya idan an haɗiye ta, kaso mai yawa a hanji take zama, a tsakiyarsu. Sai ta canja musu zama, wasu irin su ƙaru, wasu su ragu. Wannan hargitsin nasu yana cikin abin da ke kawo iskar da kugin da zawon. Abin mamakin shi ne, masu bincike suna ganin wani ɓangare na aikin maganin ta hannun halittun nan yake bi, wato waɗanda suka ƙaru ɗin suna taya shi saukar da suga. Maganin yana taɓa su, su ma suna taɓa shi, kuma kai ma kana da su, naka ma ina jin sun fi na kowa yawa a Kuyello, shi ya sa kwano biyu ba ya isar ka. Ga yawancin mutane bayan 'yan makonni sai a saba da juna, ciki ya lafa. Na Gwaggo ya ɗan ja lokaci, amma zai lafa insha Allahu.

Ga doka biyu, na ja musu layi don na san halinka. Ta ɗaya, kada a tsallake ƙwayar ko sau ɗaya, ko me ake ciki. Na san Gwaggo da daɗin baki, za ta lallashe ka, kada ka yarda. A riƙa ba ta tana tsakiyar cin abinci, ba kafin ta karya ba. Ta biyu, kada suga ya shiga bakinta, ko a koko ko a shayi, ko da na lasar yatsa ne. Ta yawaita cin wake da zogale da rama. In ana samun nono mai tsami a ba ta, halittun nan suna son sa.

Na ba Ladan kwalin magani na wata biyu. Tsinken awo ya yanke a shagon da nake saye, sai zuwa na gaba.

Labarin gonar bakin daji ya ɓata mini rai. A can Gwaggo take gasa mana masara muna yara. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Ka ce wa Gwaggo ba ita maganin ke kora ba. Ni na kai ta, na san abin da aka ba ta, ta kwantar da hankalinta.

Uwar ɗakinka,
Huraira.

Kuyello,
21 ga Oktoba, 2021.

Ranki ya daɗe, tunda haka kike so,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Magani ya iso, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Na daɗe ban rubuto ba don Ladan bai fita ba, sau biyu aka tare hanya a makon da ya wuce. Yau ya ce zai gwada.

Na karanta wa Inna takardarki daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin halittun nan masu rai sai ta dafe ciki ta ce, "La'ilaha illallahu! Dama na faɗa muku akwai abin da ke motsi a cikin nan, kuka ce tsufa ne." Daga ranar ba ta ƙara cin tuwo da daɗin rai ba, ta ce ita ba za ta zauna tana ciyar da abin da ba ta gani ba.

Ni ma na zauna na yi tunani. Kin ce yawancinsu ba sa cutarwa. To, sauran fa? Kuma ke da kanki kika ce su ne ke kawo kugin da zawon. Batun wai suna taya magani aiki kuwa, wannan na san tsokana ce irin ta taubasai, a wuri ɗaya kika haɗa shi da zancen kwanona biyu. Tun da nake ban taɓa jin abu mai rai ya zauna a cikin mutum don alheri ba. Akuya in ta yi tsutsa ba a jira su saba da juna, magani ake ɗura mata.

Kin san al'adar gidanmu, ko da yake boko ya ɗauke ki da wuri. Duk shekara in sabon hatsi zai shiga rumbu, sai kowa ya yi wankin ciki da ganyen filasko, don kada sabo ya tarar da tsohon datti. Haka kakanmu ya yi har ya haura tamanin da haƙoransa. Bana Inna ba ta yi ba tukuna, sai ga takardarki ta zo daidai kan gaɓa. Ita da kanta ta jiƙa ganyen, ta sha ranar Talata, ta ƙara ranar Juma'a. Ni kuma na je wurin mai kemis na kwashe bayaninki na gaya masa. Ya ce ai bakteriya ba su da magani sai kafso, ya ba ni ja-da-yalo na kwana biyar. Da suka ƙare na ga zawon bai tsaya ba, na ƙaro na wasu biyar, yau muna kan na uku. Kin ga ba mu bar miki aikin ke kaɗai ba.

Gaskiya ta ɗan galabaita. Zawon ya koma ruwa-ruwa, sau shida sau bakwai a wuni, amma ai dama haka wanki yake, sai datti ya gama fita. Abin da ban gane ba shi ne awon shekaranjiya. Da tsinke na ƙarshe na gwada, sai na ga sugan ya hau fiye da na da, alhali ko ƙwaya ɗaya ba mu tsallake ba.

Susan ta leƙo kafin ta tafi. An ce su koma Birnin Gwari tun da mutanen daji suka kwashe mutane a ƙauyen da ke bayanmu, ɗakin shan magani yanzu kwaɗo ne a ƙofa. Ta ja fatar hannun Inna ta saki, ta ɓata fuska, ta ce a daina filasko da kafso, a haɗa mata ruwan gishiri da suga. Na ce suga? Na shiga na ɗauko takardarki na nuna mata inda kika ja layi. Ta ce, "Malam Nababa, wannan daban ne fa. Ruwan jikin Mama ne ke ƙarewa, ka ji maganata." Na ce 'yar'uwata digiri na biyu take yi a kan wannan abu. Ta ɗauki jakarta ta fita. Filaskon dai mun bari, tunda an yi sau biyu.

Nono babu. Matan rugar da ke kawowa sun tashi tun tsakiyar damina.

Ki aiko da tsinken awo in an samu.

Naki, amma ba bawanki ba,
Nababa.

Zariya,
29 ga Oktoba, 2021.

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ku Gwaggo tana da sauƙi. Yau babu wasa. Don Allah ka karanta a hankali, sau biyu.

Takardarka ta ranar ashirin da ɗaya sai yau da safe ta zo hannuna, Ladan ya ce motarsa ce ta lalace a hanya. Da na gama karantawa na miƙe da takardar a hannuna. Ban tsaya ba na kai ta wurin likitan da ya duba Gwaggo. Abin da zan faɗa maka maganarsa ce, ba tawa ba.

Ka daina ba ta kafso. Ba tsokana nake yi ba da na ce halittun nan suna da amfani. Kafso ba ya zaɓe, da masu amfani da marasa amfani duk kashewa yake yi, filasko kuma ya zo ya kwashe abin da ya rage. In masu amfanin suka tafi, miyagun da suke dannewa ne ke samun fili. Shi ya sa zawon ya ƙaru maimakon ya tsaya, kuma wataƙila yana cikin abin da ya sa sugan ya hau.

Susan ta fi ni gaskiya. Ka haɗa ruwan nan. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, suga ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk wuni. Ɗan sugan da ke ciki ba zai yi mata komai ba, rashin ruwa ne abin tsoro.

Na uku shi ne ya fi yi mini nauyi a baki. Ka dakatar da farar ƙwayar, metfomin ɗin. Na san na ce kada a tsallake ko me ake ciki. Kuskure na yi. Likita ya ce mai shan wannan magani in zawo ko amai ya tsananta har jiki ya bushe, dole a ajiye shi sai an warke. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, in babu ruwa ƙoda ba ta iya aiki, sai ya taru a jini ya zama illa. Ni halittun hanji na karanta, Yaya, ban karanta jinya ba. Na san abin da maganin ke yi musu a cikin kwalba. Wannan ban san shi ba, kuma ban tambaya ba kafin in ja maka layi.

In ka ga fitsarinta ya ragu, ko tana haki, ko barci yana yawan ɗaukar ta, abin ya yi nisa. Kada ma ka jira ka gani. Ka sa ta a motar Ladan ko ta wane ce, ku tafi asibiti.

Na roƙi Ladan ya juya gobe ko da babu kaya. Na so in biyo shi, ya rantse ba zai ɗauki mace a hanyar nan ba yadda take a yanzu. Na kira lambarka ya fi sau talatin yau, alhali na san ba za ta shiga ba.

Ƙanwarka,
Huraira.

Kuyello,
3 ga Nuwamba, 2021.

Huraira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu nan babu lafiya.

Yau kwana goma sha uku da na rubuta miki, shiru. Ladan bai dawo ba, an ce an rufe hanya tun da aka sake tare motoci. Na san ba laifinki ba ne, amma duk da haka raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan huce a kansa sai ke. Wannan zan ba wani malamin makaranta da zai kwashe iyalinsa ya bi ta Funtuwa. Ban san ko za ta iso ba.

Inna ta kwanta. Kwana huɗu ke nan ba ta tashi sai an ɗaga ta. Kafson ya ƙare tuni, ban ƙaro ba, don jikina ya fara ba ni cewa garin gyaran gira na taɓa ido. Amma shi zawon bai san an daina ba. Yanzu ga amai ya ƙaru. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsattsage. Haki take yi kamar wadda ta hau tudu da kaya, alhali a kwance take. Lailatu ce ke gyara ta, ta ce mini tun jiya da safe ba ta ga fitsari ba. Na ce to ko sugan ne ya sauka, tunda yawan fitsari ne alamarsa? Lailatu ta girgiza kai ta koma wurin Inna.

Abu ɗaya zan gaya miki don hankalinki ya kwanta, dokokinki biyu suna nan ban karya ba. Ba ta iya haɗiye ƙwayar yanzu, sai in murƙushe ta a cokali, in jiƙa da ruwa, in zuba mata. In ta amayar, in jira kaɗan in sake murƙushe wata, don kada a ce an tsallake. Lailatu ta so ta haɗa ruwan nan na Susan a ɓoye, na kama ta da gwangwanin suga a hannu. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba tun da muka yi aure, har ta yi kuka.

Jiya da hantsi Inna ta buɗe ido ta gan ni da cokali. Ta ce, "Kada ka gaya wa yarinyar nan na kwanta, tana da jarrabawa." Na ce to. Sai ta ce, "Kawo. Ai Huraira ce ta kai ni, ta san abin da aka ba ni." Ta buɗe baki da kanta na zuba mata. Ga shi dai na gaya miki, Allah Ya sa ta yafe mini.

Mota babu, babur an hana, in ma an samu wa zai ratsa daji da mara lafiya a baya? Maƙwabta suna shigowa, kowa da nasa maganin, na kore su duka, na ce muna kan na asibiti.

Ki gaya mini abin da zan yi, Huraira. Tsoro nake ji.

Nababa.

Kuyello,
11 ga Nuwamba, 2021.

Huraira,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Inna rasuwa ranar Litinin, takwas ga wata, bayan sallar La'asar, a asibiti a Birnin Gwari. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ki sanar da Kawu Munzali da sauran dangi na wajenku.

Ladan ya iso ranar Asabar da hantsi. Kwana bakwai ya yi a Giwa yana jiran a buɗe hanya, takardarki tana aljihunsa. Ko injin bai kashe ba ya miƙo mini ita. A ƙofar gida na karanta, a tsaye, cokalin yana hannuna, na riga na ba ta ƙwayar safe. Sau biyu na karanta kamar yadda kika ce.

Na shiga na ce wa Lailatu ta haɗa ruwan. Ta ɗauko gwangwanin ta haɗa. Amma Inna ta riga ta wuce haɗiya, ta gefen baki yake dawowa. Muka shimfiɗa katifa a bayan motar Ladan, muka jira rakiyar sojoji, muka bi su har Birnin Gwari.

Susan muka tarar a bakin aiki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tuna mini komai ba, ta karɓe ta, ta yi ta neman jijiya har ta samu a ƙafa, aka sa ƙarin ruwa. Likita ya tambaye ni abin da ta sha, na lissafa masa duka, ban ɓoye ko ɗaya ba. Ya ce ƙoda ta tsaya, sai dai injin wankin ƙoda a Kaduna, kuma yadda take ba za ta kai ba. Kwana biyu suka yi suna iya ƙoƙarinsu. Ba ta ƙara magana ba.

A can muka binne ta, don babu halin dawowa da ita kusa da Baba. Mu goma sha ɗaya muka yi mata salla, yawancinsu ban san sunansu ba. Allah Ya saka musu.

Na dawo gida shekaranjiya. Mutane suna shigowa gaisuwa, suna cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, na kuma yi imani da haka. Amma in sun fita sai in koma in zauna a ƙofar ɗakinta. Tun ranar Asabar ban iya cin komai da cokali ba.

Kada ki zo, hanyar ba ta da tabbas. Abu ɗaya nake so daga gare ki. Ke kika yi karatu, ki gaya mini gaskiya ban da lallashi. Kafsona da filasko ne, ko ƙwayar da na yi ta zuba mata? Da a ɗaya na tsaya, da tana nan? Likitan na tambaya, ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Ni ba haƙuri na rasa ba, amsa nake so.

Nababa.

Zariya,
17 ga Nuwamba, 2021.

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya ba mu juriyar rashinta. Na sanar da Baba. Tun jiya bai fito daga ɗaki ba sai salla.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo, ta uku ga wata da ta sha ɗaya. Ta sha ɗaya na fara buɗewa. Bayan na san ta rasu, sannan na karanta wadda take da rai a ciki, tana cewa kada a gaya mini saboda jarrabawa. Ban taɓa karanta abin da ya fi shi ciwo ba.

Ka ce ban da lallashi, to ba zan lallashe ka ba. Na koma wurin likita da takardun duka. Ya ce babu mai iya rantsewa, ranta a hannun Allah yake. Amma ga yadda abin ya tafi. Kafso da filasko su suka tsananta zawon, suka busar da ita. Wannan naka ne, kuma na san ba don mugunta ka yi ba, abin da ka taso ka tarar ne. Da a nan aka tsaya, aka ba ta ruwan Susan, aka ajiye ƙwayar, ya ce yawancin masu irin wannan suna tashi. Abubuwa biyun da suka hana a yi hakan duk a takardata suke, da layi a ƙarƙashinsu. Abin da na sani na faɗa maka shi cikin wasa, abin da ban sani ba kuma na kafa maka shi doka, don Ladan yana sauri kuma ina jin daɗin a ce na iya.

Ka ba Lailatu haƙuri. Ita ce ta yi daidai a gidan nan, ita kuma aka yi wa faɗa. Susan ni zan je in same ta da kaina.

Ka ce kada in zo. Ba zan ji wannan ba. Ladan ya yarda zai ɗauke ni ranar Asabar in an samu rakiya, in ba a samu ba zan jira a Giwa har a samu. Zan fara zuwa inda kuka sa ta, sannan in taho gida.

Ka ci abinci, Yaya. Kada ka zauna da wannan abu kai kaɗai, ba naka ba ne kai kaɗai. Hannunka ne ya ba ta, amma da sunana ta buɗe baki.

Ƙanwarka,
Huraira.